Zhang Zuolin da Yan Xishan: madugan yaƙi biyu, hali daban

Ɗan'uwa, ka tambaya ko madugan yaƙin da suka yi wa ƙasar Sin rabon kura bayan mutuwar shugaban ƙasa Yuan Shikai a 1916 duk 'yan fashi ne da suka sa kaki. A'a, ba su zama ɗaya ba. Ɗauki mutum biyun nan ka auna.

Zhang Zuolin ɗan talakawa ne, kuma da fashin ya fara kafin gwamnatin sarakunan Qing ta ɗauke shi soja. Ya mallaki Manchuriya, yankin arewa maso gabashin Sin, daga birnin Mukden, Japan na dafa masa. Ƙasa mai arziki ce, amma idonsa na kan Beijing. Yaƙi bayan yaƙi ya cinye baitulmali, aka yi ta buga takardun kuɗi har manomi ya sayar da waken suyarsa ya karɓi abin da ba ya sayen komai. Mai kula masa da kuɗi, Wang Yongjiang, ya gaji ya ajiye aiki a 1926. Zhang ya samu Beijing ɗin, sai dai bai daɗe ba. Ran 4 ga Yunin 1928 yana komawa gida, hafsoshin Japan suka tayar wa jirgin ƙasansa bam daf da Mukden, ya mutu.

Yan Xishan kuwa a Japan ya yi karatun soja. Ya karɓi lardin Shanxi a juyin juya halin 1911 da ya kifar da sarakunan Qing, ya riƙe shi kusan ba yankewa har 1949. Ya buɗe makarantun firamare a ƙauyuka, ya yaƙi ɗaure wa 'yan mata ƙafa da shan ofiyom, ya gina masana'antar makamai a Taiyuan. Abin da ya fi nuna mini halinsa shi ne layin dogonsa: siriri ya shimfiɗa, yadda jirgin wani lardi ba zai shigo masa da soja kai tsaye ba.

In ni manomi ne a lokacin, Shanxi zan zaɓa, domin shekaru da dama yaƙi bai taka gonakinsu ba. Amma kada mu wanke Yan tas. Babu wanda ya zaɓe shi, bindiga ce ta ɗora shi. Kuma a 1930 shi ma kwaɗayin ya ja shi, ya haɗa kai da wani madugun yaƙi, Feng Yuxiang, suka yaƙi Chiang Kai-shek, shugaban gwamnatin tsakiya. Aka ci su, ya gudu Dalian, kuɗin Shanxi ya karye a hannun talakawan da ya ce yana karewa.