Fawa steshan, batirin mota ko litiyam na haɗi: wanne ya dace da mai ɗaukar hoton taurari?

Malam, ka tambayi wace wuta za ka ba kayan ɗaukar hoton taurari a fili da dare. Tsakanin fawa steshan, wato akwatin batiri na kanti mai soket a jikinsa, da batirin mota mai inbata da ka ambata, ba ko ɗaya zan ce ka fara da shi ba. Ka sayi batirin litiyam irin LiFePO4 mai 12.8V, shi kaɗai, ka haɗa masa akwati da hannunka. Idan kuma kayanka ba su wuce kyamara da lens da ƙaramar na'urar bin taurari ba, shi ma ka dakata tukuna, fawa banki biyu masu kyau sun ishe ka.

Kafin a zaɓi batiri sai an san abin da kayan ke ci. Wat ɗin kowace na'ura sau awannin da za ta yi tana aiki, shi ne Wh. A ɓangaren batiri kuwa V (ƙarfin wutarsa) sau Ah (yawan cajin da yake ɗauka) ne. Na'urar bin taurari irin Star Adventurer 2i ta Sky-Watcher kusan ba ta cin komai: batirin AA huɗu kan kai ta dare da dama, kuma tana karɓar 5V ta USB. SkyGuider Pro ta iOptron da batirinta a ciki, kamfanin ya ce yana kai awa 20. Kyamarar Canon ko Nikon, in allonta a kashe yake, wat 3 zuwa 5 take ja. Mai shanye wutar a ƙaramin haɗi ita ce ɗamarar ɗumama lens, wadda ke hana raɓa kwanciya a gilashi, wat 7 zuwa 10. Ka tara su, wat 14 ke nan, sau awa 7, kusan 100Wh. Fawa banki mai 20,000mAh a takarda 74Wh ne, domin a kan 3.7V ake lissafinsa, kuma abin da zai fito ta USB bai fi 55 zuwa 60 ba. Shi ya sa na ce biyu. A tsakiyar hunturu ma iska a bushe take, ɗamarar ba ta da aiki, ɗaya ya wadatar. A damina da watan Oktoba ne raɓa ke sauka sosai, kuma Oktoba zuwa farkon Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya rufe, su ne dararen da sama ta fi tsabta a wajenmu.

Matsala ɗaya ke ga fawa banki. Da yawansu suna kashe kansu in abin da ake ja ya yi ƙanƙanta, kuma na'urar bin taurari ƙanƙanin abu take ja. Sai ka bar ta tana juyawa, ka dawo ka tarar duk hotunan taurari sun zama layuka. Ka jona ɗamarar ko wani ƙaramin kwan USB da ka rufe da tef a bankin guda, ko ka bar na'urar a kan batirin AA kawai, hankali kwance.

Lissafi yana sauyawa da zarar ka koma babban mazaunin teleskof mai neman taurari da kansa, irin HEQ5. Shi yana jan wat 6 zuwa 10 in yana bi, ya ninka haka in yana juyawa da gudu. Ƙaramar kwamfuta irin ASIAIR ko Raspberry Pi tare da kyamarar saiti, mai gyara wa mazauni bin tauraro, wat 6 zuwa 10. Kyamara mai sanyaya kanta, wat 10 zuwa 25, kuma kamfanin ZWO masu ƙera irinta 12V mai 3A suke cewa a tanada mata. Ɗamara biyu, wat 10 ko fiye. Jimilla wajen wat 40, sau awa 8, 320Wh. A nan ne zaɓin batiri ya zama magana.

Batirin mota an yi shi ne ya ba da ƙarfi mai yawa na ɗan daƙiƙu ya tayar da inji, ba a yi shi a riƙa zuƙarsa har asuba ba. Mai 60Ah a takarda 720Wh ne, amma rabi kawai za ka taɓa in kana son ya yi rai, ga nauyin kilo 15 ko fiye, ga ruwan batir da ke cin tufafi da kujerar mota. In ka ƙara inbata kuma, ka ɗaga 12V zuwa 230V, adafta ta sake sauke shi 12V, wajen kwata na wutar ya tafi a zafi. Inbata mai araha tana sa layuka a hoto, tana kuma yanke USB. In dai kana da tsohon batiri a ajiye, yi amfani da shi kai tsaye ba inbata har ka tara kuɗi. Amma kada ka ja daga batirin motar da ta kai ka daji, asuba za ta yi ka murɗa makulli ta ƙi tashi.

Fawa steshan ba laifi, sai dai kana biyan kuɗin abin da ba ka buƙata a fili. EcoFlow River 2 256Wh ne, Bluetti EB3A 268Wh, dukansu LiFePO4 ne a ciki. Wato daidai da batiri mai 20Ah, sauran kuɗin na inbata ne da allo da kwali. In a gida ma za ka riƙa cajin waya da kunna fanka da shi idan an ɗauke wuta, to ya biya kansa ta can. Amma ka bincika abu biyu kafin ka biya. Na farko, ko mafitar 12V ɗinsa tsayayya ce. Wasu masu araha sel uku ne a jere, suna farawa daga 12.6V su gangaro har ƙasa da 11V tun batirin da saura. Na biyu, ko yana da tsarin tsimin wuta da ke kashe mafita in jan ya yi kaɗan, kuma ko ana iya kashe tsarin. Ga kuma soket irin na sigarin mota da suke zuwa da shi, wanda ɗan jan waya kaɗan ke kwance shi.

LiFePO4 kuwa kamar don wannan aiki aka yi shi. Sel huɗu ne masu 3.2V, kuma abin da ya sa nake son sa shi ne yadda yake riƙe ƙarfinsa. Ka sa masa mita da magariba ka ga 13.3, ka duba ƙarfe biyu na dare ka ga 13.1, sai ya kusa ƙarewa sannan yake faɗowa. Wannan shi ne abin da motocin mazaunin teleskof ke so. Na Sky-Watcher in wuta ta yi musu ƙasa, jan kwan da ke jikinsu sai ya fara ƙiftawa, motar ta yi ƙara ta tsaya a tsakiyar juyi, saitin da ka ɓata rabin awa kana yi ya lalace. Da wannan batiri ba ka ganin ƙiftawar nan sai in wayarka ce ba ta da kyau. Kana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa ba tare da ka cutar da shi ba, yana jure caji sama da sau 2,000, kuma mai 20Ah bai fi kilo 3 ba, hannu ɗaya ke ɗaukar sa. A cikin dangin litiyam shi ne ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta. Ga mai kyamarar DSLR irin ta Canon ko Nikon da mazauni da ƙaramar kwamfuta, 20Ah ya isa. In akwai kyamara mai sanyaya, ɗauki 30Ah, wato 384Wh.

Af, maganar sanyaya. Waɗannan kyamarori digiri 30 zuwa 35 kawai suke iya sauka ƙasa da zafin wurin. Mutanen Turai suna sa -10 domin darensu da sanyi. Kai a daren Afrilu mai digiri 28, in ka sa -10 injin zai ta aiki da dukkan ƙarfinsa bai kai ba, batiri ya ƙare a banza. Sa ta a 0, ka ɗauki hotunan duhu na gyara, waɗanda ake ɗauka da murfi a rufe, a 0 ɗin, ka ga wutar da za ka rage.

Haɗin akwatin ba ya buƙatar injiniya. Samo akwatin roba mai murfi wanda batirin zai zauna daram. Daga jan kan batirin, wato +, abu na farko fis ne mai 10A, kusa da kan batirin, tazarar da ba ta fi tsawon yatsa ba, domin wannan batiri in wayoyinsa suka haɗu yana iya narkar da su kafin ka miƙa hannu. Bayan fis sai makunni, sai ƙaramin akwatin fis irin na mota mai gida huɗu ko shida: 5A ga mazauni, 5A ga kyamara mai sanyaya, 3A ga kwamfuta, 3A ga ɗamara. Ka saka ƙaramar mita mai nuna V. Ka dai sani, tunda batirin ba ya sauka da wuri, mitar V ba za ta gaya maka saura nawa ba sai dab da ƙarewa. Mai ƙirga Ah ta fi, in aljihu ya yarda. Kuma duk kwan da ke haske a akwatin ka liƙe shi da jan tef, kada ya kashe maka ido.

Waya ita ce inda mutane ke tafka asara. Siririya mai kaurin 0.5mm² in ta yi mita 3 tana ɗauke da 4A, wajen 0.8V take zubarwa a hanya. Mai 1.5 a tazara guda ba ta zubar da 0.3V ba. Yi amfani da 1.5, kuma ka gajarta. Fulogin yawancin kayan nan milimita 5.5 da 2.1 ne, tsakiya ita ce ja, wato +. Akwai mai kama da shi sak, 5.5 da 2.5. Zai shiga, har kwan ya kama, amma ramin tsakiyarsa ya fi faɗi, teleskof na juyawa sai wuta ta ɗauke na ƙiftawar ido, kwamfuta ta tashi daga farko. Kowace waya ka haɗa, sa mata mita ka tabbatar tsakiya ja ce kafin ta taɓa na'ura. Juya kai sau ɗaya ya isa ya ƙone allon mazauni, kuma ba kayan da ake samu a kasuwar kusa ba ne.

Kyamarar DSLR ba ta shan 12V. Batirin yawancinsu 7.2V ko 7.4V ne, don haka ana sa mata batirin bogi mai waya, a ba shi wajen 8V. Ko ka sayi mai USB wanda ke ɗaga 5V da kansa, ka ba shi mafita mai 3A, ko ka sa ƙaramin allon rage wuta irin LM2596 daga 12V. In na biyun ne, murɗa ɗan sukurunsa kana kallon mita har ya tsaya a 8.0, ka ɗiga masa gam, sannan ka jona kyamara. Wayoyin USB-C da ake cewa suna fitar da 12V daga fawa banki kuma, ka yi hattara: ba kowane banki ke da matakin 12V ba, wanda ba shi da shi 9V zai ba ka, mazauni ba zai yi aiki da shi ba.

Caji da cajar LiFePO4 mai 14.4 zuwa 14.6V ake yi, ba cajar batirin mota mai tsarin wanke batiri ba. Mai 5A tana cika 20Ah a awa 4 da ɗoriya. In sola ce, faranti mai wat 100 da kwantirola mai saitin litiyam suna cika shi a yini ɗaya na rana mai kyau. Kada ka jona kayan hoto alhali yana kan caji, 14.6V ya yi wa wasunsu yawa. Kada kuma ka bar shi a but ɗin mota da rana a watan Afrilu ko Mayu.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba, 'yan kasuwa. An cika kasuwa da batirin da aka rubuta wa LiFePO4 alhali tsofaffin sel na laftof ne aka cusa a ciki. Ka tafi da mita da sikeli. Na gaskiya in ya cika ya huta, 13.3 zuwa 13.6 yake nunawa. Wanda ya cika ya tsaya a 12.6, ba shi ba ne. Wanda aka ce 30Ah ne amma nauyinsa bai kai kilo 2 ba, ƙarya ce. Tambayi amfiya nawa allon kariyarsa na BMS ke ɗauka, in mai shago ya fara kame-kame, ka yi gaba. Fawa banki mai 50,000mAh da ke shiga aljihun riga babu shi, an sha buɗe irinsu a tarar da ƙullin yashi a madadin sel. Sel ɗin 18650 na gaske bai cika wuce 3,500mAh ba, duk mai rubutun 9,900 jabu ne. Waya ma akwai ta gorar ruwa, wato alminiyam, da aka shafa wa jan ƙarfe: kankare silin da wuƙa, in cikinsa fari ne, ajiye musu. Ka yi sharaɗin mayarwa kafin ka biya, ka isa gida ka cika batirin, ka jona masa kwan mota mai wat 55, wanda ke jan wajen 4.5A. Mai 20Ah na gaskiya ya kamata ya haura awa 4.

A fili, ajiye akwatin a ƙarƙashin ƙafafun mazaunin, tsakiya, ka ɗaure wayoyi a ƙafa ɗaya da ɗan sassauci, sannan ka juya teleskof gabas da yamma da hannu ka ga babu wadda ta ɗame. Zaɓi wurin da arewa take a buɗe, domin tauraron arewa da ake saiti da shi a ƙasa yake sosai a wajenmu, digiri 12 a Kano, wajen 14 a Damagaram, bishiya ɗaya ko katanga ta isa ta rufe shi. Kuma kafin ka fita daren farko, haɗa komai a tsakar gida da rana, ka kunna har da sanyaya da ɗamara, ka bar su awa 8 kana duba mita duk bayan awa biyu.