An yi min aikin haihuwa a Jidda: yadda na ga asibitin da kwanakin jego

'Ya'yana biyu na farko da kaina na haife su a Kano, shi ya sa gabana ya faɗi ranar da likita ta duba hoton cikin a mako na 37 ta ce yarinyar a zaune take, kanta na sama. "Ƙaisariyya," in ji ta, wato aiki za a yi min. Aka sa rana a mako na 39, a wani asibitin kuɗi da inshorar wurin aikin maigidana ta yarda da shi.

Tun tsakar dare aka hana ni ci. Da safe aka sa min ƙarin ruwa, aka shiga da ni ɗakin tiyata, wuri mai sanyi kamar cikin firji. Aka ce in zauna in lanƙwasa baya, aka yi min allura a gadon baya. Cikin 'yan mintuna ƙafafuna suka yi ɗumi, suka yi nauyi, daga ƙirji zuwa ƙasa ba na jin komai. A nan aka sa robar fitsari. Idona biyu, labule a gabana, ina ta salati. Zafi ban ji ba, amma na ji ana ja ana dannawa sosai. Ba a yi minti goma ba na ji kukanta. Ɗinkin ne ya fi cin lokaci, duka dai bai kai awa ɗaya ba. Rawar ɗari ta kama ni har haƙorana na haɗuwa, wata nas 'yar Filifin ta lulluɓe ni ta riƙe hannuna ta ce hakan yana faruwa, zai wuce. Ban manta da ita ba.

Ta fannin tsafta da iya aiki ba ni da abin cewa sai yabo. Wahalar tana tashin farko. Washegari da asuba aka cire robar, nas ta ce sai na taka. Na ɗauka rashin imani ne. Daga gado zuwa ƙofar bayi bai fi taku shida ba, amma ji na yi kamar cikina zai zube ƙasa, na tafi a duƙe ina hawaye. Daga baya na gane tafiyar ce ke hana jini daskarewa a ƙafa, ita ce kuma ke tayar da hanji, don sai nas ɗin ta tambaye ni ko na fitar da iska kowane zagaye. In za ki yi tari ko dariya, danna matashi a kan ɗinkin. Kada kuma ki jira ciwo ya taso kafin ki karɓi magani.

Inda suka gaza shi ne sallama. A rana ta uku aka miƙo min takarda da Turanci da Larabci da ledar magunguna, babu wanda ya zauna ya yi min bayanin kula da ciwon. Larabcina na kasuwa ne. Sai da na kira 937, layin ma'aikatar lafiya, maigida yana fassara, sannan na ji abubuwan da ke mayar da mace asibiti ba jira: zazzaɓi, ruwa ko wari daga ɗinkin, jini mai yawa, kumburin ƙafa ɗaya da ciwo, numfashi sama-sama, ko ciwon kai mai tsanani.

Gwaggona ta zo daga Shari'a Mansur a Makka da hulba da niyyar yi min wankan jego irin na gida. Na ce, "Gwaggo, ki yi min haƙuri, likita ta hana ruwa mai ƙuna a kan ɗinkin." Ranta bai so ba, amma da ta ga wurin da idonta sai ta sassauta: ruwa mai ɗumi, a tsane wurin da tawul mai tsafta, kunun kanwa kuma muka bar shi. Ita ta riƙe gidan har na yi arba'in, domin an hana ni ɗaukar abin da ya fi jaririyar nauyi na mako shida. Ranar suna ina zaune aka yi komai. Wata baƙuwa ta ce ai na huta, ciro min aka yi. Maganar ta yi min ciwo, don a lokacin ko juyi a gado sai na riƙe ƙarfen gefe.

Jinin biki ya zo kamar na sauran haihuwa, ya yi kusan mako biyar. Zaren mai narkewa ne, ba a cire ba. Yanzu wata huɗu ke nan, saman tabon har yau kamar ba fatata ba in na taɓa. Likitar ta ce in ba da tazarar aƙalla wata 18 kafin wani cikin, kuma aiki ɗaya ba ya hana mace haihuwa da kanta nan gaba. Zan iya komawa asibitin, amma zan tafi da wadda ta iya Larabci sosai, kuma ba zan fito ba sai an yi min bayanin takardar sallama layi-layi.