Kayan Sola a Jamus: Wasiƙa Zuwa Ga Yayana

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Ka tambaye ni ko kayan solar da ake sa wa gidaje a nan Jamus sun fi waɗanda ka sani inganci. Gaskiya kusan ɗaya ne. Faranti (allon da ke kama hasken rana), inbata (na'urar da ke mayar da wutar sola irin wadda kayan gida ke ci), batir, yawancinsu daga Chaina ake kawo su. Inda aka bambanta shi ne wajen aikin haɗawa, da abin da ke biyo baya idan an sayar maka.

Rana ma ba ta ishe su ba. Farantan da ƙarfinsu ya kai kilowat ɗaya suna ba da wajen yunit 1,000 a shekara a nan, alhali a yankin Sahel suna haura 1,600. A watan Disamba sai bayan ƙarfe takwas gari ke wayewa sosai, kafin biyar duhu ya rufa. Duk da haka ko'ina ka ɗaga kai faranti ne a kan rufi. Tushen abin wata doka ce ta shekarar 2000, wadda ta wajabta a karɓi wutar da mai gida ya samar a biya shi farashi tsayayye har shekara 20. Daga Janairun 2023 kuma aka cire harajin saye a kan kayan solar gida.

Bajamushe ba don gudun ɗauke wuta yake sa sola ba, don rage kuɗin wata ne. Rarar da gidansa bai ci ba tana komawa babban layi, mita na ƙirgawa. Sai dai wajen santi 8 (santi 100 ne Yuro ɗaya) ake biyansa kan yunit, shi kuwa in zai saya sai ya ba da sama da santi 30. Shi ya sa yanzu mutane suka koma sa batirin litiyum, su adana ta rana su yi amfani da ita da dare. Ka lura da wannan da kyau, Yaya: inbatar da aka fi sa wa a nan, da zarar wutar layi ta ɗauke ita ma sai ta mutu, don kada ta kama ma'aikacin da ke gyaran waya. Kada wani ya ce zai aiko maka da ita don ta Turai ce, ba za ta yi maka rana ba. Mai iya tsayawa da batir ita kaɗai za ka nema.

Har 'yan haya ba a bar su a baya ba. Maƙwabciyata, wata dattijuwa, faranti biyu ta rataya a ƙarfen barandarta, 'yar inbata maƙale a bayansu, waya ɗaya ta shiga soket ɗin bango. Tun watan Mayun 2024 doka ta yarda da irin wannan har wat 800.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mai haɗawa. Kafin ya faɗi kuɗi sai ya duba inda rufin ya fuskanta, ya duba inuwar bishiya ko bututun hayaƙi, ya nemi takardar wutar bara don ya san abin da gidan ke ci. Haɗawa da babban layi kuwa sai mai lasisi. A rubuce ake ba ka garanti, faranti yawanci shekara 25, batir shekara 10, kuma in abu ya lalace akwai wanda za ka kama. Wallahi yana ci mini rai in ji mutum ya tara guminsa ya sayi kaya masu kyau, an haɗa masa da siririyar waya ko batirin da bai kai nauyin gidan ba, shekara ba ta zagayo ba ya ce sola yaudara ce.

Abu biyu da za su dame ka fiye da su: zafi da ƙura. Faranti in ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake, don haka a bar sarari tsakaninsa da kwano iska ta riƙa ratsawa, a kuma riƙa wanke shi da sassafe.

Ka rubuto mini kayan wutar da ke gidan, da awa nawa kowanne ke aiki a yini, musamman firji da famfon ruwa, sai mu yi lissafi tare kafin ka sayi komai. A gaida su Hajiya da yara.