Mai zagayawa da baƙi a gidan tarihi na Jos

Masu cewa karatun tarihi a jami'a ba ya kai mutum ko'ina, don Allah ku leƙa gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952. Matashin da ya zagaya da mu tarihi ya karanta, kuma wallahi ya san aikinsa, ya yi mana bayanin mutum-mutumin Nok (tsofaffin siffofin da aka yi da gasasshen yumɓu) dalla-dalla, yadda aka fara tono su wajen haƙar kuza, har kwafin ganuwar Kano ya kai mu, in ka yi tambaya sai ya rarrabe maka abin da ke da hujja da wanda labarin baka ne. Irin wannan tantancewar ai ita ake nema a aikin jarida da koyarwa da rubuta rahoto a ofis. Ku je da safe kafin rana ta yi zafi, tafiyar da ɗan yawa.