Sansanin Matasa ko Jagora Ɗaya?

Shugabannin ikilisiya suna yawan tambaya: matashin da ya sha azaba, a kai shi sansani ko a haɗa shi da jagora?

Sansanin mako ɗaya yana cin kuɗi a dunƙule, amma yaro yana samun abokai da wuri. Matsalar sansanin dare ne. Duhu da hayaniya kan tada firgici, kuma wanda ya amayar da abin da ke ransa yakan koma gida ba mai bibiya.

Jagora arha ne, awa ɗaya a mako, a bainar jama'a. Sai dai ya riƙe shekara aƙalla, domin idan ya janye a tsakiya, yaron zai ji an sake yashe shi.

Sansani ya dace da wanda kaɗaici ya dama, jagora kuma da wanda rauninsa ɗanye ne.