Cikin gwamnati ko a gefenta: zaɓi biyu na jam'iyyar kare muhalli ta Suwidin

Jam'iyyar Miljöpartiet, wadda aka kafa a 1981 bayan ƙuri'ar raba gardama kan makamashin nukiliya, ta gwada hanyoyin biyu.

Daga 1998 zuwa 2006 tana gefe, ba ta da minista ko ɗaya, amma gwamnatin firaminista Göran Persson na buƙatar ƙuri'unta a majalisa. Da haka ta matsa har aka gwada harajin cunkoson motoci a Stockholm a 2006, kuma babu mai ɗora mata laifin gwamnati.

A 2014 ta shiga gwamnatin firaminista Stefan Löfven. A nan aka samu dokar yanayi ta 2017, mai burin daina ƙara hayaƙi mai ɗumama duniya zuwa 2045, sai harajin tafiyar jirgin sama a 2018. Ni dai don wannan dokar nake ganin shigar ta fi zaman gefe. Amma ta sha wuya. A Nuwamban 2015, Åsa Romson, ɗaya daga cikin shugabannin Miljöpartiet kuma mataimakiyar firaminista, ta tsaya gaban 'yan jarida muryarta na rawa, idanunta cike da ƙwalla, ana sanar da tsaurara dokar 'yan gudun hijira, abin da jam'iyyarta ta daɗe tana adawa da shi. A zaɓen 2018 ƙuri'un jam'iyyar suka faɗo daga kashi 6.9 zuwa 4.4, da ƙyar ta tsallake kashi 4 da ake buƙata don shiga majalisa.

A Nuwamban 2021 ta fice daga gwamnati, bayan majalisa ta amince da kasafin kuɗin 'yan hamayya.