Adashe ko kiwo: wanne zai fi kai ka ga fili?

Ɗan'uwanmu tela daga wani ƙauye a yankin Ringim ya kawo tambaya. Yana zaune a gidan mahaifinsu, ɗaki ɗaya shi da iyali da yara biyu, ga ƙanne sun tasa su ma ɗaki suke jira. Wani dattijo zai yanka gonarsa ta bakin gari filaye, ƙafa hamsin-hamsin a kan naira dubu 500: a ba da dubu 200 kafin alƙalami, ciko cikin shekara guda. Abin da yake iya warewa dubu 5 ne a mako. Ya shiga adashe, ko ya riƙa sayen 'yan awaki da tumaki?

Malam, na taɓa duka biyun, kuma kowanne ya taɓa ni.

Mu fara da wanda ya fi iya riƙe hannun mutum. Nan adashe ba shi da na biyu. Ranar zubi idan ta zo, ko tukunya ba ta hau ba sai ka nemo, don ba ka son yaron uban adashe ya yi maka sallama sau biyu a bainar jama'a. Kuɗin da ka zuba kuma ya fita daga hannunka, wanda ya zo rance ka ce masa "na zuba", magana ta ƙare. Dabba kuwa dukiya ce mai kuka, duk unguwa ta san kana da ita. Na turke rago wata uku ina lissafin kwanon rufi bandir guda a kansa, matar ƙanina ta haihu, ranar suna kowa ya juyo yana kallon turken. Me zan ce? Fatar kawai na gani.

Amma ta fuskar darajar kuɗi, kiwo ne a gaba. Adashe ba ya haihuwa, abin da ka zuba shi za ka kwasa, kuma naira tana zagwanyewa kafin layi ya zo kanka. A farkon 2023 buhun siminti bai kai dubu 5 ba a yawancin wurare, a Fabrairun 2024 ya haura dubu 10. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sa hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Wanda ya yi kwasar ƙarshe a wannan tsakanin ya karɓi kuɗinsa cif, amma rabin siminti suka saya masa. Akuya kuwa wata biyar take ɗauke da ciki, sau da yawa ta zubo biyu, kuma farashinta yana bin kasuwa. Sai dai a cire dusa, harawa, kanwa da allura. Mutane da yawa ba sa rubuta wannan, sai su sayar da rago a kasuwar Maigatari ranar Alhamis su dawo suna murnar riba, alhali kuɗin dusarsu ne aka mayar musu. Ga mutuwa, ga ɓarayi. Cutar nan ta zawo da majina idan ta shiga garke, sati guda ya isa. Adashe ma yana rushewa idan wasu suka kwasa suka noƙe, shi ya sa ba a shiga na mutanen da ba a san ƙofar gidansu ba.

To, ga inda nake so ka zauna da biro. A ce ku 20 ne, dubu biyar-biyar duk mako. Kwasa dubu 100 ke nan, zagaye mako 20. Idan ka bi a hankali, sai mako 40 za ka haɗa kafin alƙalamin, lokacin wataƙila filayen bakin hanya sun ƙare. Dabarar ita ce ka roƙi kwasar ƙarshe a zagayen farko, wadda ba mai so, da sharaɗin a ba ka ta farko a zagaye na biyu. A mako na 21 kana riƙe da dubu 200, alhali dubu 105 ka zuba. Sauran dubu 95 bashi ne marar ruwa daga abokan zubinka. Babu akuyar da za ta yi maka wannan a wata biyar. Don haka a kan kafin alƙalami, adashe na zaɓa maka, ba tantama.

Matsalar tana ciko, kuma ba ka tambaye ta ba. Daga ranar da ka biya, shekara guda za ta ba ka dubu 260. Cire dubu 95 na bashin adashe, saura dubu 165. Ana binka dubu 300. Giɓin dubu 135 daga ina? Nan ne kiwo yake da wuri, amma ba da kuɗin zubi ba. Kai tela ne, kakarka azumi ce. Rarar ɗinkin sallah, maimakon ta narke a cefane, ta zama rago ɗaya ko biyu na turke. Tsakanin ƙaramar sallah da babba kusan kwana 70 ne, ya isa rago mai ƙashi ya yi kumari idan yana samun ci. Harawar kuma tun da kaka za ka ɗaure ta a kan rufi, don layya a shekarun nan tana faɗowa lokacin da abincin dabba ya fi tsada. Idan kana da 'yar gonar riɗi ko wake, buhu ɗaya ko biyu a sa musu sunan fili tun a masussuka. In duk da haka lissafi bai haɗu ba, ka faɗa wa dattijon gaskiya tun yanzu, ka nemi wata 18. Gara ya ƙi yau da ku yi rigima baɗi.

Wani zai ce banki fa? Wurin kwana ne mai kyau ga dubu ɗarin farko kafin ta biyu ta iso, ya fi ƙarƙashin katifa, kuma wanda ya ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 ba sai an yi masa bayani ba. Mai gudun kuɗin ruwa akwai bankunan Musulunci irin su Jaiz, kuma tun 2024 inshorar NDIC, hukumar da ke kare ajiyar mutane a banki, tana rufe ajiya har miliyan 5 a manyan bankuna. Kawai kada ka karɓi katin cirar kuɗi, don kada ka riƙa taɓawa. Rancen gida na gwamnati kuwa an fi tsara shi don mai albashi da takardar mallaka, ga ruwa kashi 6, ba layinka ba ne. Siminti ma kada ka yi sha'awar tarawa. Na ga buhu takwas a zauren wani maƙwabcinmu sun sha sanyin damina sun zama dutse, yara na hawa suna wasa. In ka saya, a buga bulo a satin.

Kafin ko sisi ya fita, je ka ga filin a watan Agusta bayan an kwana ana ruwa. Ku mutanen Ringim ba ku manta ambaliyar 2022 ba, da gidajen ƙasa da suka zauna. Ka kuma bincika ko gonar ta gado ce, in haka ne duk magada su sa hannu, har mata. A yi ciniki gaban mai unguwa, dagaci ya buga hatimi, shaidu biyu naka biyu nasa, a kafa turaku a kusurwa huɗu ranar. Daga baya ka nemi takarda a ƙaramar hukuma, don dokar filaye ta 1978 ita ta ba wa ikon filayen karkara. A takardar cinikin kuma lallai a rubuta abin da zai faru idan ciko ya yi jinkiri: za a ƙara maka lokaci ne, ko za a dawo maka da dubu ɗari biyunka, kuma cikin kwana nawa.